Daddawar da Na Kai wa Cindo

Tun da na dawo daga Benin ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A gidan suna a tare ni, a bakin rijiya a tare ni, ko wurin wankin kalwa sai wata ta matso: "Luba, wai da gaske kin yi faɗa da jandarma?" Labarin ya yi ta yawo yana ƙiba, har na ji wai na mari wani. Ban mari kowa ba. To ga shi na rubuta da hannuna, tunda ba a banza na zauna ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da uku ba. Za a karanta muku ranar taro, 'yan ƙungiya kaɗai. Sunayen mutane na sauya su, tungar ma ba zan faɗi sunanta ba. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, ita ta jawo wa kanta.

Saboda sababbin shiga, bari in fara daga tushe. A idon gari mu masu daddawa ne. Muna yin daddawa, muna suyar awara, abin da aka samu mu ciyar da yaran da aka haifa da cutar kanjamau a unguwannin bakin ruwa da tungayen masunta. Amma babban aikin shi ne magani. Yaron da ke shan ƙwayarsa kullum zai yi ƙiba, ya yi ƙiriniya, ya je makaranta kamar ɗan kowa. In ya daina, cutar ta farka. In kuwa gari ya ji, ranar za a ware masa kwanonsa, a janye yara daga wasa da shi. Shi ya sa sunan cutar ba ya fita bakinmu. Maganin "daddawa" muke ce masa, kuma cikin kwanon daddawa muke kai shi, kwalabe a ƙasa, ta gaske a sama. Ba mai tona kwanon daddawa don nishaɗi. Wari ne mai gadinmu.

Cikin yaran da ke hannuna akwai Cindo, 'yar shekara bakwai. Uwa da uba sun rasu, kakarta Inna Hassi ke riƙe da ita. Sunanta na yanka Lubabatu, takwarata ce, amma an haife ta da ɗan ƙaramin yatsa na shida a hannun hagu, sai Cindo ya bi ta. Ranar karɓar maganinta ta zo ta wuce ba su zo asibiti ba. Na je gidan na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce kawunta masunci ya zo da jirgi ya kwashe su zuwa wata tunga a tsallake, cikin Benin, inda kifi ya koma, sai nan da wata uku.

Malamar asibiti ta ɗauko katin yarinyar ta ƙirga da yatsa. Abin da ke hannunsu zai ƙare ranar Alhamis. Ranar Talata muke wannan magana.

Ta rubuta mini takarda ta buga hatimi, ta haɗa kwalabe na wata uku, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Gwaggo Luba, can ba kanjamau suke cewa ba, sida suke cewa. Don Allah ki kama bakinki."

"Ni za ki koya wa kama baki? Ina aikin nan kina firamare."

"Ke ɗin fa, Gwaggo. Shi ya sa na faɗa."

Ranar Laraba da hantsi na shiga motar Lolo. Ban taɓa sanin daddawa tana da amfani a mota ba sai ranar. Mutum huɗu ake cusawa a kujerar baya, amma da na ɗora kwanona a cinya, wani Alhaji mai farar shadda ya yi atishawa biyu ya roƙi direba ya maida shi kusa da taga. Na samu fili har na miƙe ƙafa. Muka haye gadar Tuga, kogin Kwara ya cika ya batse. Kafin Illo motar ta ji ƙishirwa sau biyu, direba ya fita da jarka yana ba ta ruwa yana lallashinta da sunaye masu daɗi waɗanda na tabbata matarsa ba ta taɓa ji ba.

Abin da ya ɓata mini tafiyar mutum ɗaya ce: Asabe mai atamfa, 'yar unguwarmu, za ta tsallaka saro kaya. Kun san Asabe. In ta ga abu da safe, kafin azahar ya isa Kende.

"Luba, tun yaushe ake kai daddawa Benin? Su ba su da kalwa?"

"Suna da kalwa. Hannu ne ba su da."

"Wa za ki kai wa?"

"Mai miya."

Idonta dai bai bar kwanon ba.

A Lolo muka sauka muka nufi iyaka da ƙafa. Namu jami'an suka tambayi inda za ni, suka shaƙi iska sau ɗaya, suka ce in wuce da sauri. Da na can ne aka yi abin da kuke ta yaɗawa. Wani jandarma siriri, kakinsa ya ɗame shi kamar a jikinsa aka ɗinka, ya yafuto ni da hannu.

"Tanti, zo nan."

Na waiga ban ga kowa bayana ba. Na san ina da jiki, ban ɓoye ba, amma ba a taɓa kirana rumfa a gaban jama'a ba.

"Ni ce tanti? Ɗan nan, kafa ni aka yi a filin biki? Uwarka haka kake kiranta?"

Ya tsaya yana ƙifta ido. Asabe ta ja mini gyale tana dariya har da hawaye. "Ke Luba, gwaggo ke nan a bakinsu! Girmama ki ya yi!"

Iyakar faɗan ke nan. Wadda ta ce an yi mari, ta kawo shaida.

Amma sai ya ce in buɗe kwanon. Na buɗe. Ya sa gindin biro yana tonawa, sai ji ka ƙwas, ya taɓa kwalba. Asabe ta miƙa wuya kamar zalɓe. Na zaro takardar Malama na miƙa masa a dunƙule. Ban sani ba ko yana jin Turancinmu, amma ya ɗan ɗaga kwalba ɗaya daga ciki, bai fito da ita ba, ya karanta jikinta. Ya dube ni. Ya dubi Asabe da wuyanta. Sai ya maida daddawa ya rufe, ya toshe hanci da yatsa biyu, ya ɗaga murya:

"Daddawa ne. Wuce, Tanti."

Yaron nan ko ɗan wa ne, Allah ya yi wa uwarsa albarka. Na zage ta a banza.

Da na shiga ƙasarsu na ce bari in gwada karatuna a allunan bakin hanya. Haruffan duk na san su, irin namu ne, amma sun ƙi gaishe ni. In haɗa su in furta, sai ya fito kamar mai kurkure baki. Kalma ɗaya tak na iya karantawa, a wani babban allo kusa da ɗakin shan magani, an rubuta ta da ja: SIDA. Duk faɗin ƙasar ita kaɗai ta san ni, kuma ita aka hana ni faɗa.

Asabe ta hau motar Malanbil, na rabu da ita da godiya ga Allah. Ni kuwa na hau kabu-kabu zuwa garin bakin ruwa inda ake shiga jirgin tungar. Mai babur ɗin Badande ne, dattijo mai furfura a gemu, yana jin Hausa irin tasu. Muna cikin tafiya tsakanin fadamun shinkafa sai ya ce:

"Sanu! Sanu!"

"Yauwa, sannu kadai. Ya aiki?"

"Hajiya, sanu!"

"Na amsa mana! Ku gaisuwarku ba ta ƙarewa?"

Ashe shanu yake nuna mini, garke guda ya fito daga kwana, yana so in riƙe da kyau. Ya taka burki, babur ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na sauka zaune cikin taɓon fadama, ruwa har ƙugu, amma kwanon yana sama bisa hannuwana biyu kamar mai kai gara. Bafulatanin da ke kora shanun ya dube ni ya ce, "Sannu, Inna." Shi kam gaisuwar yake nufi.

Harshen Dandawa ba ya ɗaukar "sha". Shanu sanu ne, shinkafa sinkafa, shayi sayi. Na san wannan tun ina yarinya ina bin innata kasuwar Lolo. Ku riƙe shi da kyau, don ni ban riƙe ba.

Muka isa bayan la'asar, aka ce jirgin tungar sai da safe. Mai babur, saboda kunyar kayar da ni, ya kai ni gidan yayarsa mai sayar da abinci, Maman Fati. Can mace da sunan ɗanta ake kiranta, ko da na fari ne, ba ruwansu da alkunya. Ta ba ni zane na ɗaura, ta wanke nawa ta shanya, ba ta tambaye ni ko daga ina ba sai da na ci na ƙoshi. Tuwon masara mai tsami ne a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi, da wani jajjagen ɗanyen barkono da ya sa na tuna duk zunubaina.

Na zauna ƙofar gida ina kallon gari. Abin da ya fi tsaya mini a rai mata ne bisa babur. Ba a baya ba, su ke tuƙi! Mace da goyonta, da kwandon tumatir a gaba, ta murɗa ta wuce, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na ce da a Bagudo ne da an fito kallo har daga kan katanga. Ga shi wai da rana ta take sai su rufe shaguna kowa ya je ya kwanta, har ma'aikata. Mu in an kama ka kana barci a shago sai a ce ba ka da lafiya, su kuwa doka ce. Wannan al'ada na yarda a kawo mana.

Maman Fati ta shaƙi kwanona ta ce in sayar mata, miyarsu ta daɗe ba ta ga irin wannan ba. Kafin in yi magana hannunta ya kai kan murfi. Na yi tsalle kamar an taka mini wutsiya, na ɗebo mata guda biyar daga sama na ce kyauta ce, sauran saƙo ne. Daga nan kwanon bai sake barin jikina ba. Da shi na yi matashi, har yau ɗankwalin nan ba ya shiga taro.

Da safe ta kawo mini burodinsu. Dogo ne kamar taɓarya, a hammata suke ɗauko shi tsirara ba ko leda, bayansa kuma kamar ɓawon kuka. Na kai masa cizo ɗaya haƙorina na gaba ya yi motsi. Sai ta nuna mini a kwanon kofi da madara ake tsoma shi ya yi laushi. A kwano, kamar fura.

Jirgin ba zan yi dogon bayaninsa ba. Ni Bakaba ce, jinin masunta, amma ta tudu. Na rufe ido tun daga wannan gaɓa har waccan, addu'ar da na sani da wadda ban sani ba duk na karanta.

Tungar bukkoki ne na zana bisa yashi, hayaƙin banda ko'ina. Mutanenta gauraye ne, namu da Dandawa. Na tarar da mata kamar goma a inuwa suna gyaran kifi. Na yi sallama na ce ina neman masaukin Inna Hassi, tsohuwa daga Bagudo, mai jika mace.

Wata ƙatuwa mai wuƙa a hannu, ita ce shugabarsu, ta washe baki.

"A! Kakar Mai-sida!" Ta juya ta ƙwala kira. "Ku kira Mai-sida, ta yi baƙuwa!"

Yara suka kwasa da gudu suna rerawa, "Mai-sida! Mai-sida!"

Jama'a, duhu na gani. Na haye gada, na faɗa taɓo, na kwana kan daddawa don in rufa wa ɗiyar nan asiri, ashe a nan waƙa ake yi da shi.

"Mi kika kira ta?"

"Mai-sida. Kowa haka yake kiranta."

"Kowa?"

"Har liman."

"Wa ya gaya muku?"

"Sai an gaya mana? Ba mu da ido? Ranar da suka sauka muka gani."

"Ƙarya kike! Ba a ganinsa da ido!"

Matan suka fashe da dariya. Shugabar ta ce, "To naki idon ne da gyara, Tanti. Ga abu a fili."

"Kuma ba ku ji kunya ba? Manya da ku! Ita ta ɗora wa kanta? Ba haka aka haife ta ba?"

"Mu mun ce wani abu? Ai gado ne, ko wurin uwa ko wurin uba."

Wata daga gefe ta sa baki. "Ƙanena ma da sida aka haife si. Wanzami ya ɗaure da zare, kwana uku ya rabu da ita, sike nan."

Nan ne kaina ya tashi gaba ɗaya.

"Wanzami! Irin wagga ƙarya ce ke kashe yara! Ba wanzami, ba boka, ba zare! Abu ɗaya ne ke riƙe ta, kuma yau sai kun gan shi da idonku, ku daina jahilci!"

Na dire kwanon a tsakiyarsu, na cire murfi, na cusa hannu cikin daddawa. Yatsuna sun riga sun kama kan kwalba sai na ji an damƙe mini wuyan hannu, farce ya shige fata.

"Luba, sannu da hanya," in ji Inna Hassi. Tana murmushi, amma farcen bai saki ba. "Cindo, zo ki gaida Gwaggonki. Ƙirga mata yatsunki, ta zubar da karatunta a ruwa."

Cindo ta taho da gudu, ta yi kumatu, ta yi baƙi da rana. Mako uku kawai a tungar har harshenta ya juye. Ta ɗaga hannun hagu ta ware shi a gaban hancina.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar... sida!"

Na tsaya a duƙe, hannu cikin daddawa, baki buɗe kamar kifin da ke kan banda.

Shida. Mai shida. Yatsan da na sani tun tana goye, wanda ni da kaina nake ja in ce ta ba ni aron ɗaya.

"Ku yi haƙuri da ita," in ji Inna Hassi, ta maida murfin da ƙafarta. "Takwararta ce. Ba ta son a kira ɗiyar da laƙabi. A Bagudo ma haka take, mun saba."

"To don wannan ne? Sai ki faɗa mana," in ji shugabar. "Amma si wanzami me ya yi miki?"

Duk suka zuba mini ido. Sai na ji bakina ya ce:

"Mijina wanzami ne."

"Ayya!" suka ce gaba ɗaya. Wata ta dafa mini kafaɗa. Wata ta ce ita ma nata haka yake, ko da yake masunci ne. Allah ya gafarta mini, kun san Malam manomi ne, bai taɓa riƙe aska ba.

Cikin bukka Inna Hassi ta saki labulen zana, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini kwalbar. Wayam. Da safiyar nan ta jiƙa ta ƙarshe ta ba ta. Ta ce sau uku tana roƙon ɗanta ya kai ta Bagudo, yana cewa wace irin daddawa ce ba ta jira a gama kamun kifi.

"Shekara bakwai ina riƙe da maganar nan, Luba. Ɗan da ya fito cikina bai sani ba. Ke ko ruwa ba ki sha ba, za ki baje ta a faifai gaban matan tunga."

"Ke kuma wa ya ce ki taso ba sallama? Ba ki da ƙafar zuwa gidana?"

"Jirgi na bakin ruwa yana jira, in ce masa mi? Tsaya in je in gaya wa mai daddawa?"

Muka yi ta yi ƙasa-ƙasa har muka gaji. Sannan na tono kwalaben na goge su, ta tura su cikin tulun da take ajiye gero. Muka yanke cewa kafin su ƙare za ta fito kasuwar Lolo, ni kuma in tare ta can. Cindo ta zauna a cinyata tana cin awarar da na kawo mata, tana gaya mini ta iya iyo. Na ce in ta sake cewa sida a gabana sai na cinye yatsan.

Da azahar na koma bakin ruwa jiran jirgi, da ƙullin bandar kifi da matan suka haɗa mini saboda tausayin auren wanzami. Sai ga wata matashiya ta zo wanke tukunya kusa da ni, da yaro a goye. Na gane ta. Tana cikin masu gyaran kifi, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta duƙa tana cuɗa tukunya da yashi, ba ta dube ni ba.

"Tanti. Ni na gane wace sida kike nufi."

Na juyo na dube ta.

"Ba zan faɗa wa kowa ba," ta ce. Ta kai hannu baya ta zaro hannun yaron daga cikin zane, ta ware mini yatsunsa. Wuyan hannun bai fi kaurin kara ba. "Nawa biyar-biyar ne."

Ta ce tun wurin haihuwa aka gaya mata. Ta fara karɓar magani, nata da nasa, sai ta ga dangin mijinta na sayar da abinci a ƙofar wurin, ba ta sake komawa ba. Yanzu yaron ba ya riƙe abinci.

Ban taɓa sanin ina da ƙaramar murya ba sai ranar. Na ce ba zan ba ta na Cindo ba, kowane yaro da awonsa, kuma sai an duba shi. Na ce ta samu Inna Hassi ita kaɗai, ta ce tana son daddawa. Tsohuwar za ta gane.

Ba su jira wata uku ba. Makon jiya ita da Inna Hassi suka fito Lolo da yaron, wai sun zo sayen gishiri, suka aiko mini, na tare su na kawo su wurin Malama. An ɗora uwa da ɗa kan magani. Da Malama ta ji yadda aka yi, ta cire tabarau ta ce, "Gwaggo, ba na ce ki kama bakinki ba?"

Tana da gaskiya. Kada wata ta tashi a taron nan ta ce masifar Luba ta yi rana. Da Inna Hassi ta makara da taku uku, da yau Cindo tana cin abinci ita kaɗai a bayan bukka, kuma ba matan tunga ne suka jawo mata ba, ni ce.

Ran Asabar kowa ta zo da ƙarin kalwa, kwano ya ƙaru da ɗaya. Wadda kuma ta haɗu da Malam a hanya, kada ta kuskura ta tambaye shi aski. Bai san ya sauya sana'a ba.